Za a Iya Tayar da Wake Daga Guntun Saiwa?

A hutun da ya wuce na je gida, Baba ya tambaye ni abin da nake yi a matsayin furojet ɗina na shekarar ƙarshe. Na ce masa ina ƙoƙarin tayar da wake ne daga saiwarsa a cikin kwalba. Ya yi shiru yana kallona, can sai ya ce, "To kai, irin waken ne ya ƙare a kasuwa?" Duk tsakar gida aka fashe da dariya, har da ni.

Tambayar tasa tana kan hanya, kuma irinta abokaina na sashen Akanta da na Lantarki suke yi min idan sun gan ni ina jigilar kwalaben bama zuwa lab. Shi ya sa na ga ya dace in yi bayani a wannan mujalla tamu, yadda ko wanda rabonsa da darasin kimiyyar halittu tun sakandare zai gane. Dukanmu dai masu cin wake ne. In ba garau-garau da rana ba, to ƙosai da safe, ko ɗanwake, ko awara da yamma a bakin hostel.

Gawo na yi, wake ba ya yi

Duk wanda ya taso a ƙauye ya san in aka sare gawo, ko garma ta yanke masa saiwa, bayan wani lokaci sai a ga sabon toho ya fito daga jikin saiwar, wani lokaci nesa da gindin bishiyar. Haka dogon yaro ke yi. Haka dankalin Hausa: shi kansa dankalin saiwa ce da ta yi ƙiba, in ka ajiye shi a wuri mai danshi sai ya yi toho.

To gawo ɗan uwan wake ne. Su da gyaɗa, gurjiya, waken suya da bagaruwa duk dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, dangin masu zuba 'ya'ya a cikin kwanso. Amma ka tuge wake, ka yanke kan, ka binne saiwar, ko shekara za ka yi kana ba ta ruwa ruɓewa za ta yi. Aikin da muke yi a lab shi ne neman dabarar da za ta sa saiwar wake ta yi abin da saiwar gawo ke yi da kanta.

Daga ina tunanin ya samo asali?

Jikin kowane tsiro an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, muna kiran su sel. Sel ɗin saiwa da na ganye da na fure duk suna ɗauke da cikakken kundin gado iri ɗaya, wato DNA. Bambancin kawai shi ne wane shafi kowanne ke karantawa. Sel ɗin saiwa ya buɗe shafin "zama saiwa" ya rufe sauran. Idan aka samu yadda za a sa ya buɗe sauran shafukan, zai iya ba da kara, ganye, fure har da iri.

Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Gottlieb Haberlandt, shi ya fara faɗin haka a 1902. Ya gwada, bai yi nasara ba, sel ɗinsa sun ƙi rabuwa su ƙaru. A 1934 Philip White a Amurka ya yanki kan saiwar tumatir ya sa a ruwan abinci cikin kwalba, ta yi ta tsawo, yana yanka yana sauya mata kwalba shekara da shekaru. Sai dai saiwa ta tsaya a saiwa, ba ta ba shi ganye ba. A 1958 ne F. C. Steward na Jami'ar Cornell ya ɗebi tsoka daga cikin karas, wanda shi ma saiwa ne, ya raine ta a abinci mai ruwan kwakwa, har ya samu cikakken tsiron karas. Daga nan gardama ta ƙare, an tabbatar saiwa na iya haifar da tsiro sukutum.

Mabuɗin al'amarin ya fito ne daga Jami'ar Wisconsin a 1957, inda Folke Skoog da Carlos Miller suka yi aiki da tsokar karan taba. Sun gano yadda wasu sinadarai biyu da tsiro ke ba kansa umarni da su, oksin da saitokainin, ke aiki tare. In oksin ya fi yawa, tsoka sai ta fitar da saiwa. In saitokainin ya fi yawa, sai ta fitar da toho. In sun yi kusan kunnen doki, sai ta yi ta kumbura kawai ta zama wani dunƙule marar siffa da ake kira kalus. Ka taɓa ganin kumburin da ke zagaye wurin da aka sari mangwaro da gatari? To ɗan uwansa ne. A kwalba kuwa kalus mai kyau kamar dambu yake, fari-fari ko ruwan ƙwai, yana wargajewa in an taɓa shi.

Wani abin mamaki: ɗaya daga cikin oksin ɗin da muka fi amfani da shi, 2,4-D, shi ne dai maganin ciyawar da manoma ke fesawa a gonar shinkafa da masara. Da yawa yana kashe ciyawa mai faɗin ganye. Amma miligiram 1 ko 2 a cikin lita guda, shi ke sa sel ya manta da aikinsa na da ya shiga rabuwa.

Yadda ake yin aikin

Da farko sai a dafa wa tsiron abinci. Guntun saiwa ba shi da ganyen da zai haɗa wa kansa abinci da hasken rana, dole a ba shi komai a baki. Haɗin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne MS, wanda Toshio Murashige da Skoog suka fitar a 1962. Akwai gishirin naitirojin, fotasiyam, fosforas, ƙarfe da sauransu a ciki, da bitamin. A kowace lita ana ƙara sukari giram 30, da garin aga kamar giram 8. Ita aga daga ciyawar teku ake samunta, aikinta ta daskarar da haɗin ya zama kamar kunun da ya kwana. Sai a daidaita tsaminsa a pH 5.8, a zuba a kwalabe, a rufe, a sa a otokilef a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20, don duk wani abu mai rai da ke ciki ya mutu.

Na biyu, samo saiwa mai tsafta. Ba a zuwa gona a tono, don saiwar da ta zauna a ƙasa cike take da bakteriya da fumfuna, ko wankin me aka yi mata. Iri ake wankewa. A wanke shi da ruwan sabulu, a tsoma a barasar lab mai ƙarfin kashi 70 na kamar minti 1, a jiƙa a ruwan bilic da aka sirka na minti 10 zuwa 15, sannan a ɗauraye sau 3 zuwa 5 da ruwan da aka dafa a otokilef. Sai a ɗora irin a kan abincin da ba a sa masa oksin ko saitokainin ba. Cikin kwana 5 zuwa 7 zai fitar da farar saiwa da ba ta taɓa ganin ƙasa ba.

Na uku, yanka. Ana yin sa a cikin lamina, wani akwati mai busa iskar da aka tace. A goge hannu da barasa, a ƙona bakin hantsaki da aska a wutar fitila, a bari su huce, a yayyanka saiwar kamar santimita 1, a kwantar da gutsattsarin a kan abinci mai oksin. A ajiye a duhu mako 2 zuwa 4 har kalus ya fito. A cikin saiwa akwai wani siririn zobe na sel da ake kira ferisaikul, daga nan ƙananan saiwoyin gefe ke ɓullowa. Bincike a kan wani ƙaramin tsiro da masana ke yawan gwaji da shi, Arabidopsis, ya nuna daga wannan zoben ne kalus ke tasowa.

Na huɗu, sauya umarni. A kwashe kalus a mai da shi kan abinci mai saitokainin, galibi BAP ko kainetin, a fito da shi haske: awa 16 haske, awa 8 duhu, zafin ɗaki wajen digiri 25. In an dace, sai a ga ɗigo-ɗigon kore, daga nan toho. Akwai kuma wata hanyar inda kalus ke fitar da 'yan ƙananan jarirai masu kama da abin da ke cikin ƙwayar iri, kowanne da kansa da gindinsa. Ta wannan hanyar karas ɗin Steward ya fito.

Na biyar, a yanke tohon a dasa a abinci mai ɗan oksin, irin su IBA, ya yi saiwa tasa.

Na ƙarshe, yaye. Tsiron da ya tashi a kwalba ɗan gata ne. Bai san iska ba, bai san rana ba, fatar ganyensa ba ta yi kauri ba, ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa da kyau ba. In ka fitar da shi kai tsaye, musamman da hunturu, kafin la'asar ya yanƙwane. Sai a wanke masa aga, a dasa a yashi da ƙasar da aka dafa, a kifa masa farar leda, kullum ana ƙara huda ledar har ya saba.

Abin da ya faru da nawa kwalaben

A takarda abin da sauƙi. A aikace, wallahi na ga ta kaina.

Zubin farko kwalabe 20 na yi. Kwana 4 kacal, duk suka yi gashi, wasu fari, wasu baƙi, wasu kore. Malamin da ke kula da lab ɗinmu ya ɗauki ragowar waken ya zuba a tafin hannunsa, ya nuna min 'yan hujojin da ƙwaro ya yi. Ya ce, "Kai da ka san wake ɗaya ke ɓata gari, ka kwaso na kasuwa ba ka tsince ba? Bilic bayan iri yake wankewa, ba ya shiga rami." Ya ƙara da cewa ya gan ni ina surutu a gaban lamina ba takunkumi. Abincin nan mai sukari, fumfuna da bakteriya sun fi tsiron son sa, kuma sun fi shi saurin girma nesa ba kusa ba.

Zubi na biyu ya tsira daga fumfuna, sai gutsattsarin suka rine suka yi ruwan ƙasa, abincin da ke kewaye da su ma ya rine. Irin abin da ke faruwa ne in ka yanka doya ko yalo ka bar shi a iska. Wurin da aka yanka yana fitar da wasu sinadarai da ke haɗuwa da iska su zama guba ga tsokar. Maganin shi ne a sa ɗan garin gawayi na lab ko bitamin C a abincin, a ajiye a duhu, a riƙa sauya kwalba da wuri.

A zubi na uku ne na ga kalus, kuma ranar har hoto na ɗauka na tura wa 'yan ajinmu. Na mai da shi kan BAP, na jira mako 6. Wasu dunƙulen sun yi kore. Wasu sun fitar da sababbin saiwoyi, kamar suna ce min su fa abin da suka iya ke nan. Toho kuwa ko ɗaya ban samu ba. A tsakiyar wannan jira aka yi kwana 3 babu wuta a cikin zafin Afrilu, na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya, kwalabe 7 suka dahu a nan.

Malamin da ke duba aikina ya sa tun farko na ajiye wasu kwalabe don kwatanci. A cikinsu ba saiwa na sa ba, gaɓar da ɓari biyu na ƙwayar wake suka haɗu da kara na sa. Waɗannan cikin mako 3 sun fitar da toho, wasu biyu, wasu uku ko fiye. Iri ɗaya, abinci ɗaya, ɗaki ɗaya. Dalili shi ne a wannan gaɓar akwai idon toho da yake kwance tun asali, saitokainin tashinsa kawai ya yi. Ita kuwa saiwa sai an sa ta ƙirƙiro idon daga babu.

Na so in karaya, sai malamin ya ce min sakamakon "bai yi ba" shi ma sakamako ne, muddin na rubuta abin da na yi daidai. Da na koma karatu na tarar ba ni kaɗai ba ne. Masana sun daɗe suna kiran dangin wake masu manyan 'ya'ya da masu taurin kai a kwalba. Waɗanda suka fi ba da haɗin kai su ne na kiwo masu ƙananan 'ya'ya, irin su alfalfa da Lotus. Shi Lotus har daga saiwa ana samun cikakken tsironsa ba da wahala sosai ba. Kuma ko a cikin wake, wani iri kan amsa, wani ya yi kunnen uwar shegu da haɗin da ya yi wa ɗan uwansa aiki.

To me ya sa ake wahalar?

Yanzu mu koma tambayar Baba. Gaskiyarsa ce, ba wanda zai cika gona da waken kwalba alhali ga iri a buhu. Tsirran da ake yawaita su ta kwalba don shuka su ne irin su ayaba, rogo, doya da rake, waɗanda ake dasa jikinsu, cuta na bin su daga uwa zuwa 'ya. Amfanin kwalba ga wake a wurin gyaran iri yake.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata. Babbar abokiyar gabar manomin wake ita ce tsutsar Maruca, mai cin fure da ɗanyen kwanso. Masu bincike sun duba dubban irin wake ba su samu wanda ke da isasshiyar kariya daga gare ta ba, sai aka koma ga shigar da ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa da ake kira Bt. Amma ƙwayar gado cikin sel kaɗan take shiga. In ba za ka iya tayar da cikakken tsiro daga waɗannan sel ɗin ba, aikin ya tsaya a nan. Wannan ne ya riƙe wake shekaru da yawa. Sai a 2006 masu bincike na cibiyar CSIRO a Ostireliya suka wallafa hanyar da ta yi aiki, ta amfani da wannan gaɓar da na ambata, kuma ko a lokacin, cikin gutsattsari 1,000 kusan guda 1 ne ke kaiwa tsiro mai ba da iri. A kan wannan tushe Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, tare da abokan aikinta, ta fitar da SAMPEA 20-T a 2019. Na san ra'ayi ya rabu a kan irin da aka sauya wa gado, kuma muhawara ce da ta cancanci nata rubutun. Abin da nake so a gane shi ne rainon tsiro a kwalba shi kaɗai ba sauya gado ba ne, kamar yadda dasa reshen rogo ba sauya gado ba ne.

To me ya sa saiwa musamman? Dalili na farko, a dangin wake manyan abubuwa a saiwa suke faruwa. In ka tuge wake ko gyaɗa za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa a jikinta. Fasa guda, in cikinta ja-ja ne to tana aiki. Bakteriyar raizobiya ce ke zaune ciki, tana kamo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, ta mai da shi abincin tsiro. Abin da muke saye da tsada a buhun yuriya ke nan. Iyayenmu da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya sun daɗe suna cin wannan moriyar. Haka kuma wuta-wutar wake, wadda ke tsotse shi tun kafin ta fito sarari, ta saiwa take kama shi, kuma irinta ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar ke fitarwa.

Dalili na biyu, saiwa ta fi sauƙin karɓar sabuwar ƙwayar gado. Akwai wata bakteriya, Agrobacterium rhizogenes, da in ta shiga rauni a jikin tsiro sai ta sa ya yi ta fitar da saiwoyi masu yawan gashi, kuma tana iya shigar da duk ƙwayar gadon da aka ɗora mata. A wake da waken suya wannan kan yi cikin makonni kaɗan. Matsalar ita ce gyaran ya tsaya a saiwa, ba ya kaiwa ga fure da iri, saboda haka ba ya zuwa hannun manomi. Ranar da aka samu hanya mai sauƙi ta tayar da wake daga irin wannan saiwar, aikin masu gyaran iri zai ragu matuƙa. Dalili na uku mai sauƙi ne: ƙwayar wake guda gaɓa ɗaya take da ita, amma saiwa tana ta tsawo a kwalba, ka yanka yau, mako mai zuwa ka sake yanka.

Ga ƙannenmu masu tasowa

Duk mai son ɗaukar irin wannan furojet, kada ya jira zangon ƙarshe. Zagaye guda daga iri zuwa ganin ko kalus zai yi toho yana cin wata 2 zuwa 3, kuma da wuya zubin farko ya tsira. A nemi iri mai suna daga cibiyar bincike ko kamfanin iri, don na kasuwa gauraye ne, ba za ka san wane iri ka gwada ba. A ajiye kwalaben kwatanci. A rubuta komai a ranar da aka yi shi, har da ranar da aka ɗauke wuta.

Kada kuma tsadar kaya ta tsorata kowa. Tukunyar firesha ta girki tana iya tsayawa a madadin otokilef, sukarin shayi na yin aiki, kwalbar bama da aka wanke tas ta isa, ruwan kwakwa ma yana da nasa saitokainin. Abu biyu ne ba su da madadi: tsafta, da wutar da ba ta yankewa. Na farkon a hannunmu yake. Na biyun kuwa ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su sa shi cikin abubuwan da za su kai gaba, ko da sola ce ƙarama aka sa wa ɗakin rainon tsirrai. Ɗalibi ya zuba kuɗin iyayensa da wata uku na rayuwarsa a kwalba, bai kamata kwana uku na zafi su cinye ba.

Ni dai na kare furojet ɗina da kalus da saiwoyi, babu toho. Na bar wa wanda zai biyo bayana littafin da na rubuta duk haɗin da na gwada, don kada ya maimaita su. Tsirrai biyu daga cikin waɗanda suka fito ta gaɓa sun tsallake yaye, suna cikin bokiti a bayan lab, ɗaya har ya fara fure. In ya yi kwanso, Baba zan fara kai wa.